Shaidar da Na Yi wa Boon Hock

Maman Hanan,

Assalamu alaikum. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Bayan gaisuwa, Boon Hock telan shagonmu zai bar ni. Wai zai aske kai, ya yafa mayafi ruwan goro, ya zama malamin addinin Buddha, ya tare a gidan ibadarsu, ba aure ba sana'a. Na yi masa tayin Musulunci har na gaji, murmushi kawai yake.

Ashe ba haka kawai ake shiga ba. Sai babban malaminsu ya tantance mutum, lafiyarsa da halinsa da yardar iyayensa. Da aka ce ya kawo mai shaida, ni ya zaɓa. Ni ɗin nan da na shigo ƙasar nan ina talla a kasuwar Masjid India da atamfa a kafaɗa! Na zuba babbar riga na je, na yabe shi yadda ya kamata. Na ce ya iya neman na kansa, duk macen da ta same shi ta dace, tsohuwarsa kuwa ko shayi ba ta sha sai daga hannunsa. Malamin sai jinjina kai yake. Na gama masa komai.

Ki gai da mutanen Kano.

Mijinki,
Badamasi

Alhaji,

Wa alaikumus salam. Hajiya ta ji sauƙi, tana gaishe ka. Hanan ta kira ni, ta ce an ɗage maganar Boon Hock. Malamin ya ce ba zai raba tsohuwa da mai kula da ita ba. Haba Alhaji, neman aure aka tura ka? Ko dai ba ka son ya tafi ne?

Bawan Allahn nan ya daɗe yana jiran wannan rana. Tsohuwar kuma ƙofarta na kallon tamu a unguwar Cheras. Da na haifi Hanan ba ni da kowa a ƙasar, ita ta riƙa dafa min romo da citta har na miƙe. Ka koma wurin malamin, kuma ka bar babbar rigar a gida.

Ka huta lafiya.

Ruƙayya

Maman Hanan,

Sallama. Ni dai gaskiya na faɗa, ba kuskure na yi ba. Amma na koma. Na ce tsohuwa tamu ce, ci da asibiti duk a wuyana. Malamin ya ce, "Har yaushe?" Na ce har ƙarshenta ko nawa. Ita ma ya tambaye ta, ta ce ta yarda.

Jiya aka yi askin. A al'adarsu uwa ce ke fara yanke gashin. Ta ɗauki almakashi, ta waiwayo ta ce, "Haji, kama min mana." Na kama. Ki tambayar min malaminmu, Malam Umair, ko da laifi. Na ƙarar da ƙuruciyata ina yanka yadi, ban taɓa jin almakashi da nauyi haka ba.

Ki dawo da wuri, ba ta son girkina.

Naki,
Badamasi