Wadda Ta Wanke Daɓe

Zuwa ga ƙanena Gleb,

Gaisuwa mai yawa gare ka daga yayarka Rimma, da fatan kana lafiya kai da mijinka Arseniy. Ka ga na rubuta mijinka, kuma hannuna bai karye ba. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Ajantina. Mu nan Kostroma sanyi ya shigo da wuri, ƙafar Mama ta sake kumbura amma tana cin abinci, ni kuwa ina nan ina fama da koya wa yara kiɗan fiyano a makaranta. Na ba maƙwabcinmu Rodion wannan takarda ya aika maka idan ya tsallake iyaka, domin maganar ba ta waya ba ce.

Ba zan ɓoye maka ba, kishinka nake yi, har abinci ba ya min daɗi. Hoton aurenku da ka aiko, Mama ta ɓoye shi a ƙarƙashin zanen tebur, amma kullum sai ta zaro shi ta shafa, tana cewa wai yaron nan da gani mai hankali ne, ko yana ciyar mata da ɗa yadda ya kamata. Mutumin da ko kofin shayi bai taɓa miƙa mata ba! Taisiya tawa kuwa, da muke tare shekara goma da wani abu, ita ke haƙa mata dankali a lambu, ita ke yanke mata farce, ita ta riƙa juya Baba a gado har ya cika. Amma har gobe sunanta 'yar haya. Ku da kuke nesa an yafe muku, mu da muke kusa ko ganinmu ba a yi.

Ka san yadda gari ya koma tun da kotu ta saka irinmu cikin masu tsattsauran ra'ayi. A ɗakin malamai wata ta ce da za a tattara 'yan maɗigo da 'yan luwaɗi a watsa su can cikin ƙanƙara da an huta, aka kwashe da dariya, ni ina juya cokali a shayi. Ƙarar uban ɗalibi ɗaya ta isa a raba ni da aji. Kai kuwa ga ka tsakiyar titi da zobe, kana washe haƙora.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar jana'izar Baba, wadda ba ka samu zuwa ba. Da aka fita da akwatin gawar, Gwaggo Zoya ta tuna cewa dole a wanke daɓen gida, kuma ɗan'uwa ba ya wankewa, sai bare. Ta waiga, ta ce ai Allah ya kawo sauƙi, ga 'yar hayar Rimma nan, a ba ta bokiti. Na buɗe baki, na ga idon maƙwabta a kaina, na rufe. Muka tafi maƙabarta muka bar Taisiya durƙushe tana goge sawun mutumin da ta yi jinyarsa. A bakin kabari kuma Mama ta raɗa min cewa Arseniy ya aiko da ta'aziyya mai ratsa zuciya. Wallahi saura kaɗan in yi ihu.

Taisiya ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi ai aikin bare ne, kuma ta ƙware a kansa. Washegari ta sauko da akwatinta daga kan kabad, ta ce yayarta da ke Vologda ta daɗe tana kiranta, za ta jira a yi addu'ar arba'in kawai saboda Baba.

Shekaranjiya muna feraye dankali da Mama, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce idan tata mutuwar ta zo, kada in kuskura in bari Taisiya ta taɓa bokiti, a nemo bare. Ka ji fa. Ashe ta sani, ta daɗe da sani. Na ce to ta faɗa mata da bakinta mana, ta ce kada in matsa mata, kanta na ciwo. Kai an ba ka albarka da ranka da lafiyarka, ni tawa sai Mama ta mutu za ta fara aiki.

Don haka ga roƙona, ko da yake yana min ciwo in roƙe ka. Ka kira Mama ka ce ta maimaita maganar nan a gaban Taisiya kafin arba'in. Ni na faɗa ba ta ji ba, amma kai ko tari ka yi sai ta ce ka yi gaskiya.

Ka gaida Arseniy, ka ce masa ba shi da laifi, haushinsa dai nake ji. Mama tana gaishe ku, Gwaggo Zoya tana gaishe ka kai kaɗai. Taisiya ma ta ce a gaishe ku. Akwatinta yana nan bakin ƙofa, kullum sai na tsallake shi kafin in tafi aiki.

Yayarka,
Rimma