Kazar da 'Yata Ta Bari

Anti mai ba da shawara,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Maigidana lafiyarsa ƙalau, yana zuwa shagonsa na kafinta kullum. Uwar mijina ciwon gwiwa ne ke damunta, amma da sauƙi. Ɗana na fari yana can yana tuƙin babbar mota, yana kira duk mako. Autata ce ba lafiya. Ni ma ba zan ce lafiyata ƙalau ba, sai dai ina tsaye.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haura arba'in na shiga ajin manya, kuma wadda ke duba mini takarda ta gyara kafin na aika wa kowa ita ce 'yata ta tsakiya. Allah ya yi mata rasuwa wata biyar da suka wuce, tana da shekara goma sha tara. Zazzaɓin kwana huɗu ne kawai.

Ita ce mai kaji a gidan nan. Ita da babanta suka haɗa akurki a bayan ɗakin girki, shi yana buga ƙusa ita tana miƙo masa katako. Da ta rasu kaji biyu ta bari. Akwai wata ja mai ƙiba da yaran suka sa wa suna Gwaggo, saboda ba ta ganin abu ta yi shiru, ko tsintsiya aka jingine ba daidai ba sai ta yi mita. Akwai kuma wata mai ɗigo-ɗigo da ake ce wa Wake. Tare aka ƙyanƙyashe su. Tare suke tono, tare suke birgima a ƙasa gefen randa, in ɗaya ta shiga yin ƙwai ɗayar tana bakin ƙofa kamar mai gadi.

Auta shekararta goma sha huɗu, ɗaki ɗaya suke kwana da yayarta tun tana rarrafe. Tun ranar rasuwar magana ta ɗauke mata. Tana gaishe mu, tana zuwa makaranta, in an tambaye ta abu ta ce e ko a'a, shi ke nan. Amma ita ta karɓi kajin ba tare da kowa ya ce mata ba. Da ta ajiye jaka sai wurin akurki. Ina jiyo ta daga tagar ɗakin girki tana yi musu hira ƙasa-ƙasa, har da abin da malama ta ce. Na taɓa ɗauko 'yar ƙanwata ta zo ta riƙa kwana a gadon marigayiya don ta ɗebe mata kewa. Kwana uku yarinyar ta ce a mai da ita gida, wai ko kallonta Auta ba ta yi.

Watan jiya ƙwai ya maƙale wa Wake, kafin mu gane ta mutu. Anti, ban taɓa sanin kaza tana kewa ba. Gwaggo ta daina mita. Sai ta je gefen randa ta tsaya, ta zagaya akurki tana wani kira, ta dawo ta tsaya. Ƙwai ya tsaya, tsakin da aka watsa mata tsuntsaye ke cinyewa. Ina kallon kazar, ina kallon 'yata da ke tsugune gabanta.

A nan na yi kuskure. Ban shawarci kowa ba, na je wurin mai kaji na sayo 'yan matan kaji uku daga keji ɗaya, ƙosassu. Na kawo su da hantsi Auta tana makaranta, na kwance musu ƙafa na zuba su cikin akurkin na rufe, na ce kafin ta dawo sun saba, ta zo ta ga abin farin ciki. Na tafi na yi wanki. Da na leƙa da azahar, sun matse Gwaggo a lungu, sun fige mata gashin wuya, kanta duk jini, ido ɗaya a rufe. Ina cikin fito da ita Auta ta shigo. Ba ta yi kuka ba. Karɓar ta kawai ta yi daga hannuna, ta wanke mata ciwon da ruwan ɗumi, ta sa ta a kwali ta shiga da ita ɗaki.

Yau kwana goma sha ɗaya kazar tana cikin ɗakin. Ta fara ci, amma sai daga tafin hannun Auta. Matsalar ita ce Auta tana da asma tun tana ƙarama. Sau biyu ke nan numfashinta yana sarƙewa, na biyun sai da muka kai ta asibiti. Likita ya tambayi abin da ya canza a gida, da na faɗa masa ya ce lallai a fitar da kazar. Na gwada ɗaukar kwalin, ta riƙe shi da hannu biyu tana kallona, sai na kasa.

Babanta ya ce ya binne ɗaya, ba zai zauna kaza ta sa ya binne ta biyu ba. Ya ce ranar Asabar ta sama, in ya dawo daga shago ya tarar da kazar a ɗakin, zai yanka ta. Ba mugu ba ne, Anti. Tun rasuwar bai taka wurin akurkin ba, ko wankin hannu zai yi sai ya zagaya ta gaba. In na mai da kazar akurki, waɗancan za su ƙarasa ta. In na bar ta, ƙirjin 'yata. In aka yanka, ban san da wa Auta za ta ƙara yin magana ba. Kuma ni na jawo.

Don Allah ki ba ni amsa a jaridar Juma'a, kafin Asabar ɗin ta zo.

Uwar Auta

*

Uwar Auta,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan 'yarki, ya ba ku haƙurin rashinta. Wasiƙarki ta fito sarai, ban gyara komai a cikinta ba.

Zan fara da abin da ba ya jira. Likita ya yi gaskiya, maigidanki ma ya yi gaskiya a tsoronsa. Kazar ta bar ɗakin kwana yau, ba sai Asabar ba. A share, a wanke zanen gado, a buɗe taga, maganin shaƙar Auta ya kasance kusa da ita. Amma fitar da kaza daga ɗaki daban, yanka ta daban. Wuƙa za ta huce wa uba tsoro na yini ɗaya, ta bar wa yarinya abin da za ta daɗe tana riƙe da shi.

Ki rage zargin kanki. Kin lura daidai cewa kaza ba ta son zaman kaɗaici, da garke take rayuwa, kuma tana sanin abokiyarta. Abin da ba ki sani ba shi ne kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, kuma da baki suke tantance wannan. Ukun nan sun san juna, sun tarar da ɗaya mai rauni a wuri rufaffe, ba inda za ta gudu. Da sun ga jini kuwa ba sa dainawa.

Ga yadda ake yi. A samar wa Gwaggo wurinta a waje, mai inuwa da rufi, jikin akurkin, da ragar waya tsakaninta da sauran, suna ganin juna baki ba ya kaiwa. Kada a haɗa su sai ciwon ya warke sarai. Bayan kamar mako guda, a duba wadda ta fi sanyin hali cikin ukun, yawanci ita ce ake kora daga wurin ci, a sa ta ita kaɗai tare da Gwaggo. In sun zauna lafiya, sai a riƙa sakin duka a fili da yamma, da mazubin abinci biyu nesa da juna, mutum yana tsaye. Za a ɗan yi saran nuna girma, wannan ba komai. In an ga jini a raba. In abin ya ƙi, a sayar da biyu a bar mata ɗaya.

Wannan aikin Auta za ki damƙa wa. Ita za ta zauna ta lura ta zaɓi abokiyar, a sarari inda iska ke kaɗawa, ta wanke hannu bayan ta gama, sharar akurki kuma ke ce za ki yi. Kafin nan ki zauna da ita ki ce kin yi kuskure, ki ba ta haƙuri, ki faɗa mata gaskiyar abin da likita ya ce. Sau biyu kin kawo mata abin ɗebe kewa ba a tambaye ta ba, da 'yar ƙanwarki da kajin nan. Niyyarki mai kyau ce, amma wannan karon ki tambaye ta. Yarinyar da ke hira da kaza ba maganar ce ta ƙare mata ba, wurin da ba za a ce mata ta yi haƙuri ta daina ba take nema. In shirun ya ci gaba, ko ta rage cin abinci, ki faɗa wa likitan nan, kada ki ji nauyi.

Saura maigida. Kada ki jira ya dawo ranar Asabar da ransa a ɓace. Yau, bayan ya ci abinci ya huta, ki ce masa kazar ta fita daga ɗaki kamar yadda ya ce. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya, ya zo da raga da katako ya yi shingen da hannunsa, Auta ta taya shi. Zai yi masa wuya ya taka wurin, kada ki matsa, kada kuma ki kira wani kafinta. In ya ce ba yanzu ba, ki kifa babban kwando ko ki tare lungu da abin da kike da shi, ki ba shi kwanaki. Shi ma bai gama kukansa ba.

Allah ya ba Auta lafiya, ya sanyaya zukatanku ku duka.

Anti