Maganin da ke dawo mini da shi

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka?

Kin tambaya ko ina shan magani. Ina sha, Yaya, ban taɓa tsallake rana ba. Likita ta ce ƙwayar cutar ta kwanta a jinina, wannan dai mai karya garkuwar jiki da ta yi ajalin mijina bara. Tun farko ta gargaɗe ni cewa maganin kan sa jiri da mafarkai masu ƙarfi, in sun dame ni in faɗa.

Ban faɗa ba. Yaya, shi nake gani a mafarkin, marigayin. Ba a rame ba kamar kwanakin asibiti, a'a, da ƙibarsa, fensir a bayan kunne, garin katako a gashinsa, Sarkin Ƙusa dai kamar yadda kike tsokanarsa. Jiya ƙafar teburinmu yake gyarawa, yana mitar wai ni da 'yarki ta wajena mun mai da shi kujera. Na farka ina dariya.

Jirin ne kawai matsala. A shago layin ɗinki kan rabu biyu a idona, har mai shagon ta fara kallona. Kada ki gaya wa Inna.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. Ki yafe shirun da na yi.

An canza mini magani. Allurar keken ɗinki ce ta huda mini yatsa har farce, ban ma ji ba sai da jini ya ɓata rigar mutane. Bayan kwana biyu na faɗi a matakalar gidanmu da bokitin ruwan zafi, saura ƙiris ya sami 'yarki. Ita ta raka ni asibiti. Likita na tambayata ina cewa lafiya lau, sai yarinyar nan ta fashe da kuka. Ta ce da safe kofi uku nake jerawa, ina yi wa kujera magana, ita kuma tsoro take ji kada in bi Babanta. Shekararta goma sha ɗaya, Yaya. Ashe duk tana gani.

Na roƙi likita ta bar mini tsohon maganin ko na wata ɗaya ne. Ta riƙe hannuna ta ce ba za ta iya ba.

Sabon maganin ba shi da laifi. Jiri ya tafi, ɗinkina ya miƙe, 'yarki ta koma cin abinci sosai. Kowa na yi mini barka, ina amsawa. Amma barcina yanzu kamar an rufe ni a akwati, ba kowa a ciki. Wancan karon da ya rasu, mutane sun cika gida suna ba ni haƙuri. Wannan karon wa zan gaya wa na yi rashi?

Na san gaskiyar likita ce, kuma ba zan daina sha ba, kada ki damu. In kin samu hali ki zo ki yi mana kwana biyu. Ba sai kin kawo komai ba. Ki zo kawai ki yi mini hirarsa, ke kaɗai ce ba kya sauya magana in na ambace shi.

Taki har kullum,
Auta