Inna, Na Mayar Wa Kowa Da Ɗansa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Tabawa, da ke kwance gabas da garinmu. Bayan sallama irin ta Musulunci, ina miƙo miki gaisuwar ɗa ga uwa.

Inna, na ajiye aiki. Mai taurin kan nan naki ya sauka daga kujerar direktan lakwal, makarantar bokon nan, ranar Asabar da ta wuce, da ƙafarsa, ba wanda ya ture shi. Idona ne ya fara yana, na ga gara in tafi tun ina gane fuskokin yaran.

Kin tuna yadda na shiga lakwal zamanin Nasara? Gardi biyu, dogaran Nasara, suka zaro ni daga rumbun da kika ɓoye ni, kika bi su har hanyar Dutsi ba ko kallabi. Har kika rasu kina cewa, "Ni ban ba da kai ba, ƙwace ka aka yi." Maganar nan ta zauna mini a rai. Shi ya sa da aka turo ni buɗe lakwal a nan kusa da Dumega, na rantse ba zan karɓi yaro daga hannun gardi ba. Sai uba ko uwa su kama hannun ɗansu su sa a nawa gaban jama'a, kamar yadda ake kai wa malamin allo.

Wahala kam na sha ta! Da rumfar zana na fara, awaki suka cinye rabinta. Ardo Jaɓɓi, shugaban makiyayan da ke sauka a fadama, sai da na yi rani biyu ina shan nono a rugarsa kafin ya ba ni ɗiya guda. Da ƙasa ta samu 'yancin kai, aji ya hau kan aji. Yau ɗaki shida ne masu rufin kwano, ga rijiya, ga gonar gero. Cikin yaran rumfar nan akwai mai yi wa mutane allura a Dutsi. Da kin gan shi, Inna, da kin rangaɗa guɗa.

To, abin da ya gina lakwal ɗin shi ya so ya rushe ta. Da labari ya bazu cewa zan sauka, kuma wani matashin Bazabarme daga Dosso, Mushe Hamani, wato Malam Hamani, zai gaje ni, sai ga iyaye a kan jakuna, kowa ya zo ɗaukar nasa. Ardo ya ce ni suka ba, ba katanga ba.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi, har kaina ya kumbura. Daga baya kunya ta kama ni. In lakwal ta watse ranar da na tafi, ashe ban gina komai ba.

Na roƙe su su dakata sai an cire amfanin gona. Daminar nan duk na ja Hamani gida-gida. Hausarsa, wayyo, mata har faɗuwa suke don dariya, shi ma yana taya su. Ya riƙe hauya ranar gayya har tafinsa ya fashe.

Ranar Asabar na tara kowa a filin lakwal. Ban miƙa wa Hamani yaro ko ɗaya ba, don ba nawa ba ne. Na kama hannun kowane yaro na mayar wa ubansa, ɗaya bayan ɗaya, har azuzuwa suka zama wayam. Hamani na tsaye shi kaɗai gindin gawo. Kowa na iya juyawa ya tafi, ba mai hana shi.

Sai Ardo ya tashi da sandarsa, ya jawo jikarsa, ya ƙare wa baƙon kallo sama da ƙasa, ya ɗora hannunta cikin na Hamani. Shi ke nan fa! Sai turereniya, har Hamani ya rasa hannun karɓa. Wata tsohuwa ma ta kawo wanda bai isa shiga ba, da ƙyar aka lallashe ta.

Na ɗauki hulata na fita. Ina bakin ƙofa na ji sun fara karatu. Na waiga, ba yaro ɗaya da ya leƙo ni ta taga. Wallahi tun da nake ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, na zo gida ina hawaye ina dariya, surukarki ta zaci ciwon idon ne.

Innata, Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki, Ya yafe mini kukan da kika sha a kaina. Ya riƙa wa Hamani abin da aka ɗora masa.

Ɗanki mai kewarki,
Mamman