Inna, Ɗanki Ya Yi wa Surukinsa Fashi

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar ladabi daga 'yarki Asabe, daga nan unguwar Harlem a ƙetaren teku, da fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, na kuma san mutane za su leƙo shafina su karanta. Su karanta ɗin. Ƙarar ɗanki Sagir na kawo, kuma ba ni da wanda zan kai wa sai ke.

Kin tuna ranar da kika riƙe hannuna a asibiti a Kano, kika ce, "Sagir ba shi da mugunta, kansa ne dai ke bin tasa hanyar. Ki ga ya yi aure kafin ki huta." Na ce to. Da sauƙi na faɗe ta, Inna, don a lokacin ban san inda kan nasa zai kai mu ba.

Bari in gaya miki abin da autanki ya zama. Daga Litinin zuwa Juma'a mutumin kirki ne, yana aiki a kantin magani da farar rigarsa da gilashinsa, tsofaffi na sa masa albarka. Ranar Asabar kuwa sai ya zama ɗan fashin teku. Kada hankalinki ya tashi, ba ya satar ko allura. Wata ƙungiya ce ta manyan banza, masu aiki da iyali, da ke sa kayan mutanen da suka yi fashi a teku shekaru ɗaruruwa da suka wuce, su je bakin ruwa su kafa rumfa, su zauna a kan gangunan katako, jama'a na zuwa kallo. Wai tarihi suke koyarwa. Na ce masa a irin jiragen nan aka kwashe baƙar fata, kai kuma ka rasa wanda za ka kwaikwaya sai mutanen jirgi? Ya gyara zama ya yi mini lacca a kan bayin da suka tsinke sarƙa suka shiga cikin 'yan fashin, har tuwona ya huce.

Kuma ba sa ɗaukar abin da wasa, nan ne abin haushin. Ba a ɗinka musu riga da keke, sai da hannu. Ba zif, ba maɓallin roba. In ka ambaci aku a kafaɗa ko ƙyallen rufe ido ɗaya, sai su dube ka kamar ka zagi iyayensu, wai wannan na 'yan fim ne. Sauran suna zuba giya a kwalba irin ta da, shi Sagir zoɓo yake zubawa, kuma ko wannan sai da suka yi mako suna muhawara a waya kan ko zoɓo ya isa wancan tekun a wancan zamanin.

Wata rana ya bar wata riga a gidana, baƙa ƙirin da dauɗa, wuyan ya yi maiƙo, hannun duk kwalta. Na tuna tarbiyyarki, na jiƙa ta, na wanke ta tas, na sa sitati na goge. Inna, da ya gan ta sai da ya nemi wuri ya zauna. Ashe da gangan ya tsufar da ita, da ruwan shayi da ƙasa da gumi, ya daɗe yana wahala a kanta. Ya yi fushi da ni har Sallah ta zo ta wuce. A kan wanki!

Duk wannan na haƙura, don a ƙarshe Allah Ya kawo Rumasa'u. Malamar makaranta ce, mai natsuwa, irin wadda za ki gani ki ce a kawo mata kujera kusa da ke. Ta san haukarsa, tana ma dariya. Mahaifinta, Alhaji Illiya, mutumin Maraɗi ne, yana da shagon shadda kusa da titin 125th, dattijo mai ƙarancin magana. Sagir ya je ya gaishe shi a shago, Alhaji ya yaba da shi, har an fara zancen a turo manya. Na ce alhamdulillahi, na kusa sauke kayan da kika ɗora mini.

Abu ɗaya ya rage: Alhaji bai san da zancen fashin teku ba. Rumasa'u ta ce gara ya gani da idonsa da ya ji a bakin mutane. Ta ce masa akwai bajekolin tarihi a bakin ruwa, ta roƙe ni in raka su, kuma ba ta gaya wa Sagir ba don kada ya tsorata ya ƙi zuwa. Na so in hana, amma na ga yarinyar ta fi ni sanin ubanta.

Ga abin da ban sani ba. Suna da doka: da zarar an buɗe igiya 'yan kallo sun shigo, ba wanda zai fita daga rawar da yake takawa sai an kaɗa ƙararrawa. Ba waya, ba agogo, ba maganar zamani. Gilashi ma ba a sawa, don ba irin na zamanin ba ne. Kin kuwa san idon Sagir. Ba gilashi, ko ke kika tsaya a nesa, inuwa zai gani.

Muka iso. Alhaji na gaba da babbar rigarsa ta shadda mai aiki har ƙasa, mu muna biye. Sai ga wani abu ya taso daga kan ganga, gemu a kitse, ƙafa ba takalmi, takobi a ƙugu. Ɗanki ne. Ya hango ƙyallin shadda, ya ga yaran makaranta sun kewaye shi suna jiran wasa, sai ya nufo Alhaji yana ihu da wani irin Turanci na maƙogwaro, wai ga attajiri ya faɗo hannu. Ya kama hannun rigar yana murzawa, yana gaya wa yaran wannan ganima ce, a tuɓe ta a raba. Yara na ta tafi.

Alhaji bai motsa ba. Ya dube shi, ya ce, "Sagir ne?"

Na ga lokacin da muryar ta shige shi, Inna. Na ga gwiwarsa ta fara lanƙwasawa da kanta. A raina ina cewa tsuguna, ɗan nan, tsuguna kawai, komai zai gyaru. Ya dubi yaran, ya dubi abokansa, ya dubi ƙararrawar da ba a kaɗa ba. Sai ya cire hularsa mai kusurwa uku, ya miƙa ƙafa ɗaya gaba, ya sunkuya irin ta Turawan da, ya ci gaba da wannan Turancin. Da ƙasa za ta buɗe a wurin da na gode mata. Alhaji ya zare rigarsa a hankali, ya juya, muka bi shi har tashar jirgin ƙasa.

Washegari Rumasa'u ta kira ni tana kuka, mahaifinta ya ce a bar maganar. Na yafa mayafi na je shagon ni kaɗai. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya ce shi bai damu da tsumman da mutum zai sa ranar hutunsa ba, amma wanda ba zai iya ajiye wasa ya gaida babba ba, bai ga yadda zai ajiye wasa ya riƙe mace ba. Me zan ce? Gaskiya ya faɗa. Na dawo gida na kira Sagir, na wanke shi tas, ban rage komai ba. Ya daina cin abinci, ya rame, ya kwashe kayan fashin ya cusa a ƙarƙashin gado.

Ana nan sai na ga an jefa ni cikin guruf ɗinsu na waya, ban nema ba. Wayata ta koma kamar gidan sauro. Ga masu jajanta wa Sagir, ga mai tambayar inda zai sami zaren lilin, ga wata ta turo hoton karenta da aka yi wa aiki, ga biyu na faɗa kan faɗin ɗamara, duk a haɗe. A tsakiyar wannan hayaniya shugabansu ya yi magana. Suna kiransa Kyaftin, sunansa Walter, wani tsohon Bature ne da ya yi ritaya daga tuƙin bas. Ya ce dokar ƙararrawa shi ya kafa ta, don haka laifin nasa ne. Suka kaɗa ƙuri'a, don ko shayi za su saya sai sun kaɗa ƙuri'a, suka yanke cewa dukansu za su je su ba Alhaji haƙuri.

Na ce a'a. Na ce sun yi ɓarnar da ta isa. Wani ya tambaya ko su zo da kayan wasan don Alhaji ya ga ingancin ɗinkin, na ce duk wanda ya zo da takobi ni zan fara amfani da shi a kansa. Amma Sagir, da ke zaune a gefena, ya dube ni da idon nan nasa irin na Baba, na ce to, da sharaɗi ɗaya: za su gaishe shi yadda ake gaida suruki a gidanmu.

Inna, da bakina na jawo wa kaina. Mutanen da ke mako guda a kan maɓalli, na ba su gaisuwar Hausa. Ranar Lahadi suka cika mini falo. Akwai wata Dolores, ma'aikaciyar laburare, ita ce sarauniyar ƙa'ida. Wace gwiwa ce ke fara sauka? Ido a ƙasa ko a ƙirjinsa? A ina daidai ake cire takalmi? Na Maraɗi da na Kano iri ɗaya ne? Har ta tambaye ni a wane littafi na samo wannan, na ce mata a ranƙwashin uwata na samo. Ta gyaɗa kai da gaske, ta ce wannan hujja ce mai ƙarfi. Suka yi ta tsugunawa suna tashi suna "ina wuni" kamar masu ciwon haƙori, har maƙwabcin ƙasa ya hau ya buga ƙofa. Kyaftin gwiwoyinsa sun lalace tun zamanin bas, na ce shi ya tsaya a tsaye, tsufa ya ba shi uzuri. Ya ce in za a yi abu, a yi shi daidai.

Ranar Asabar bayan la'asar muka je. Sagir ya sa kaftani da gilashinsa, ya warware kitson gemun ya rage shi. Su kuma kowa da kayan mutane, har ban gane wasu ba. A bakin shagon, a kan titi, suka jera takalmansu, masu wucewa na tsayawa kallo. Alhaji na zaune yana ninke yadi. Sagir ya shiga ya zube a gabansa. Sai na ji motsi a bayana, na waiga, na ga duk sun sauka ƙasa, maza a tsugune, mata a durƙushe, ido a ƙasa, ba wanda ya kuskure. Ɗaya bayan ɗaya suka gaishe shi, har da "ina gajiya" da "yaya iyali". Kin san dattijo ba ya barin gaisuwa a ƙasa. Ya amsa wa kowa, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

Kyaftin ya yi magana da Turanci a taƙaice. Ya ce shi ya kafa dokar, yaron biyayya ya yi, kuma a shekarun da ya san Sagir bai taɓa ganin ya saɓa alkawari ba, ko na wasa ne. Ya ce ya zo ya ba da haƙuri.

Alhaji ya ce su tashi. Kowa ya tashi ban da Kyaftin. Ya yunƙura, gwiwa ta ƙi, ya sake yunƙurawa, fuskarsa ta yi ja. Kafin wani ya kai gare shi, Alhaji ya ajiye yadin, ya taso, ya kama shi da hannu biyu ya ɗaga shi, ya zaunar da shi a kan kujerarsa. Ya daɗe yana duban mutanen nan da suka cika masa shago ba takalmi. Sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, "Hajiya, na ɗauka ba shi da kowa a garin nan sai ke. A turo, a sa rana."

Inna, ni ma haka na ɗauka. Tun da aka kira ni aka ce kin cika, nake ganin ni kaɗai ce tsakaninsa da duniya. In ya yi zazzaɓi ni, in ya yi shirme ni, in na kwanta tunanina wa zai dube shi in na faɗi. Ina ta zagin mutanen nan a raina, ina ce musu manyan banza, ashe duk Asabar ɗin da nake jin haushi, ɗanki yana wurin da ake sonsa. A gaban Alhaji da gaban kowa na ja mayafi na rufe fuska na yi kukana, kuma ban ji kunya ba.

An sa rana bayan Babbar Sallah. Da kina nan da kin ga yadda yake cin abinci yanzu.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya jiƙan Baba, Ya sa kabarinku ya zama dausayin Aljanna. Allah Ya ba Sagir da Rumasa'u zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Mutanen nan kuma, da suka sa gwiwa a ƙasa saboda ɗanki, Allah Ya saka musu da alheri, Ya shirye mu baki ɗaya, Ya ba tsohon nan lafiyar ƙafa. Amin.

Taki har kullum,
Asabe