Na'urar da Aka Tsoma a Bokiti

Zuwa ga 'yata, ɗiyar ƙanina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a aikinki. Mu nan muna lafiya gwargwado, sai gwiwar gwaggonki da ta ƙi jin magani. 'Yarki da kika bar wa iyayenki riƙo, wato amaryata, har yanzu tana cewa na yi mata tsufa. A kanta ne ma na ɗauki alƙalami.

Kin san bara hukuma ta kafa na'ura a bakin magudanar da ke shayar da lambunan su babanki, ƙasa da masana'antar batir. Tsinken awonta yana cikin ruwa, duk minti goma sha biyar tana aika sakamako zuwa waya. Idan dalma ta haura ƙa'ida, ƙofar ruwa ta rufe kanta. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina awon ruwa da kwalba, har na yi ritaya, na yi murna ƙwarai. Kowace safiya nakan duba, ko da yake masu lambu sun laƙaba mini Malam Ma'auni.

A watan jiya na lura lambar awon ta tsaya cak kwana goma sha ɗaya. Ruwa mai gudu ba ya haka. Ko akuya ta tsallaka sai ya nuna. Na ɗauki sandata na tafi. Na tarar an zare tsinken daga magudana, an tsoma shi a bokitin ruwan rijiya, an rufa masa buhu don kada rana ta dame shi. Bokitin shuɗi ne, mai ɗaurin waya a hannu. Na gidanku ne.

Babanki bai musa ba. Ya ce sau uku ƙofar ta rufe latas ɗinsa ya ƙone, kuma 'yan sari sun fara gudun kayansu. Ya ce ba su suka zuba gubar ba, me ya sa su za a hukunta? A nan yana da gaskiya, na kuma faɗa masa haka. Amma da na tambaye shi daga wane lambu ake tsinko ganyen da jikarsa ke ci, sai ya ce boko ya cinye mini zumunci.

Na kai wa hukuma rahoto a rubuce, kwafi biyu. An mayar da tsinken, kafin azahar ƙofar ta rufe. Masana'antar tana nan tana aikinta, ba wanda ya taɓa ta. Ni ne dai idan na doso majalisa ake naɗe tabarma. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ban san nawa ne ya ruɓe ba ko nasa.

Ga buƙatata. Yarinyar tana yawan kukan ciwon ciki, ta kuma rage wasa. Ni ba likita ba ne, amma a gwada jininta, a ga ko akwai dalma. Babanki ya hana ni ɗaukarta. Ke ce uwa, ki zo ko ki yi masa magana, cikin makon nan.

Gwaggonki tana gaishe ki, haka innarki da Autan gidanku. Ki miƙa gaisuwata ga maigidanki. Babanki bai ba ni saƙon gaisuwa ba, ni kuwa ban taɓa rubuta abin da ban auna ba.

Ni ne,
Babanki Babba