Baba Nake Wankewa

Daren Laraba, Ƙofar 'Yandaka

Da la'asar ina ɗakin duhu ina wanke babban hoton marigayi Baba, sai maƙwabciyata Hajiya Indo ta turo ƙofa babu sallama. Ta ga jar fitila, ta ga fuskarsa tana fitowa a hankali cikin ruwan magani.

"Mi kike yi, Maman Sadiya?"

Na ce, "Baba nake wankewa. Rufe ƙofar!"

Ta fita tana salati. Haske ya ƙona hoton, kuma kafin magariba unguwa ta ɗauka wai matattu nake kira. Jahilci kawai. Amma ɗazu sau biyu ana jefo dutse kan rufinmu. Gobe zan je wurin mai unguwa. Yau dai Sadiya a ɗakina za ta kwana.